Bitar kod: abin da take nufi, da abin da ake ɗora mata a rediyo

Tun da shirin 3MTT na gwamnatin tarayya, mai horar da mutane fasahar kwamfuta, ya fara a 2023 matasa suka dukufa koyon rubuta manhaja, "bitar kod" ta shiga bakin mutane a Sakkwato. Kod shi ne umarnin da ake rubuta wa kwamfuta don gina manhaja; bitarsa kuwa 'yan sana'ar kan ce mata rifiyu. Yanzu har a rediyo sai ka ji kakakin wata hukuma yana bugun ƙirji cewa sabuwar manhajarsu ba za ta taɓa ba da matsala ba, wai ƙwararru sun yi mata bita. Wannan magana ce ke ba ni haushi.

Bita ba gwaji ba ce, kuma ba binciken tsaron nan ba ne da ake ɗauko kamfani ya yi sau ɗaya a biya shi. Aikin kullum ne: mutum ya yi canji, ya tura a GitHub ko GitLab, shafukan da ake ajiye kod a intanet, abokin aikinsa ya karanta, ya yi tambayoyi, a gyara, sannan a haɗe da uwar manhaja. Michael Fagan na IBM ya tsara ta a 1976 a matsayin zaman farautar kurakurai, kuma mutane da yawa a nan fahimtarsu ta tsaya. Amma da masu bincike Bacchelli da Bird suka bi sharhin masu bita a Microsoft a 2013, kusan kashi 14 cikin 100 ne kawai ya shafi kuskure. Abin da ya fi yawa shi ne gyaran fasalin kod ɗin. Ai kod ɗin da ya haifar da ɓarakar tsaron intanet ta Heartbleed ma, wadda aka gano a 2014, sai da aka yi masa bita kafin a karɓe shi.

To ina amfaninta? Ɗauki manhajar da aka rubuta wa dillalan albasa. Yaro ya rubuta lissafin la'ada: farashin buhu sau yawan buhuna, a cire kason dillali. Ya gwada, ya yi daidai. Bayan wata biyu ana son rasit, wani ya kwafi wannan lissafin ya manna a shafin rasit. Shi ma ya yi daidai. Sai rahoton ƙarshen wata, aka sake mannawa. Babu kuskure ko ɗaya a nan, duk gwajin da za ka yi zai wuce. Sai ranar da aka canza la'ada: a gyara wuri biyu, a manta na uku, rasit ya faɗi wani abu, rahoto ya faɗi wani, Alhaji ya fara zargin yaron shagonsa. Mai bita na kirki tun a manni na biyu zai rubuta, "Malam, ai muna da wannan lissafin, a mayar da shi wuri ɗaya kowa ya riƙa kira daga can." Aikin minti goma ne a lokacin.

Kuma abin bai tsaya nan ba. An ajiye kuɗi a rumbun bayanai a matsayin lamba tsirara, ba a rubuta ko naira ce ba, don kowa ya ɗauka naira ce. Rannan sai ga mai saye daga Birnin Ƙonni ya biyo ta Illela da sefa. Yanzu sai an bi kowane shafi da ya taɓa kuɗi, an kuma taɓa tsofaffin bayanai. Tambaya ɗaya a makon farko, "wane kuɗi ne wannan?", da ta wadatar. Haka ajiye kuɗi a lamba mai ɗigo: a yawancin harsunan kwamfuta 0.1 da 0.2 ba sa ba da 0.3 cif. A ajiye da kwabo, lamba cikakkiya. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Sai dai bitar ma tana da makantarta. Mai bita layukan da suka canza kawai yake gani, ba ginin gaba ɗaya ba, don haka canji ɗari da kowannensu ya yi kyau za su iya karkatar da manhaja ba wanda ya lura. Girman canji ma matsala ne. Binciken da kamfanin SmartBear ya yi a kamfanin Cisco ya nuna ido na fara dushewa bayan layi 400, ko bayan awa ɗaya zuwa ɗaya da rabi ana karatu. Tura wa mutum layi 2,000 da daren Alhamis, zai rubuta LGTM, wato "ni dai na ga ya yi", ya kashe kwamfuta. Ko ya ga tsarin ya karkace, kunya ba za ta bar shi ya rushe aikin mako uku ba, balle in mai aikin ya girme shi. Shi ya sa duk canjin da zai taɓa rumbun bayanai ko ya haɗa sassa biyu, a fara rubuta shafi ɗaya na yadda za a gina shi, a yi gardamar a kan takarda, sannan a riƙa turo kod ɗin gutsure-gutsure, kowane da manufa ɗaya.