Tsara jigilar kaya a yankin Jos da Abuja

Tsara jigilar kaya aiki ne na nazarin abin da wani yanki ke fitarwa da abin da yake shigowa da shi, da hanyar da kayan ke bi, da wuraren da suke ɓata lokaci ko ƙara tsada, domin a san inda ya kamata a zuba kuɗi da inda gyaran doka kaɗai zai wadatar. Aikin ya haɗa da tituna da layin dogo da hanyar ruwa da filayen jiragen sama, har da sito-sito da tashoshin manyan motoci da harajin kan hanya. A tsakiyar Najeriya garuruwa biyu ne suka fi ɗaukar hankalin masu wannan nazari. Abuja gari ne mai cin kaya, kuma mashigar motocin da ke tsakanin Kudu da Arewa. Jos kuwa gari ne mai fitar da amfanin gona da ma'adinai, kuma ƙofar Bauchi da Gombe da Yobe da Borno ga wanda ya taso daga Kudu. Tsakaninsu bai kai kilomita 300 ba.

Tarihi

Kuza ce ta fara jawo tsarin jigila na zamani zuwa tudun Jos. A farkon ƙarni na 20 'yan dako ne ke ɗaukar ta a ka, wasu kuma a kan jakuna, su gangara har Loko a bakin kogin Binuwai, inda ake zuba ta a jirgin ruwa. Da kamfanonin haƙar suka ga hakan ba zai ɗore ba, sai aka shimfiɗa wani siririn layin dogo daga Zariya, wanda ya iso Jos da Bukuru wajen 1914. A 1927 layin gabas da ya taso daga Fatakwal ya iso Jos ta Kafanchan, ya kawo kwal daga Inugu, ya kuma ba kuza gajeriyar hanya zuwa teku. Siririn layin Zariya ya ci gaba da lallaɓawa har 1957 da aka rufe shi. Daga 1958 zuwa 1964 aka ja wani reshe daga Kuru, kudu da Jos, ya bi ta Bauchi da Gombe ya tsaya Maiduguri.

Duk waɗannan layuka an gina su ne don kaya, fasinja ƙari ne kawai, kuma an san nauyin da za su ɗauka tun kafin a kafa ƙarfen farko. Bayan samun 'yancin kai, musamman da kuɗin man fetur suka shigo a shekarun 1970, hankalin gwamnati ya koma kan kwalta, hukumar jiragen ƙasa da aka kafa a 1955 ta yi ta ja da baya, tirela ta gaji tarago. Abuja kuma, wadda aka ƙirƙira a 1976 aka tare a cikinta a Disambar 1991, ta tashi ne ba ta da layin dogo ko kaɗan. Siminti da rodi da man fetur da abincin da suka gina ta suka ciyar da ita, duk a kan taya suka zo.

Manyan hanyoyi

Babbar hanyar A2 ita ce ke ɗauko kaya daga Lokoja ta shigo Abuja ta Abaji da Gwagwalada, ta wuce Zuba da Tafa zuwa Kaduna da Zariya da Kano. Sashen Abuja zuwa Kano ya kai kusan kilomita 375, an kuma shafe shekaru ana sake gina shi tun daga 2018. Ta gabas, hanyar Nyanya da Mararaba da Keffi ce ke kaiwa Akwanga, inda take haɗuwa da A3 da ta taso daga Fatakwal ta ratsa Makurɗi da Lafiya. An mayar da Keffi zuwa Makurɗi tagwayen hanya, an kuma fara karɓar kuɗin wucewa a kanta a 2025. Amma daga Akwanga zuwa Jos, wato sashen da ya fi kowanne wahala, mafi yawansa hanya ɗaya ce, mai zuwa da mai dawowa suna goga kafaɗa.

A wannan sashe ne Hawan Kibo yake, a ƙaramar hukumar Riyom. Jos tana bisa tudun da ya kai kimanin mita 1,200 daga doron teku, kuma a nan ne mota ke biyan bashin wannan tsayi cikin 'yan kilomita kaɗan masu lanƙwasa. Tirelar da ta yi lodin siminti tana hawa ne a giya ɗaya, tana tuƙa hayaƙi, yaron mota yana biye da ita a ƙasa riƙe da katakon weji, ko da za ta tsaya ya cusa mata a bayan taya. Mai gangarowa kuma birki ne abin tsoronsa, domin idan ya yi zafi ya daina kamawa. Mota ɗaya idan ta faɗi ta gindaya, layi kan miƙe ta kowane ɓangare, kuma a cikin layin nan akwai motocin kabeji da tumatir da ba su da sa'o'in jira. Wuri irin wannan ba lallai sai an jira tagwayen hanya ba kafin a taimake shi. Ƙarin layi ɗaya na masu hawa, da filin duba birki a saman tudu, da motar janwe da ke zaune a kusa, suna cikin abubuwan da injiniyoyi ke ba da shawara a hanyoyin tsauni ko'ina a duniya, kuma kuɗinsu bai kama ƙafar na sabuwar hanya ba.

Kayan da ake ɗauka

Jihar Filato ita ce kan gaba a noman dankalin Turawa a Najeriya, musamman Bokkos da Mangu da Barikin Ladi da Pankshin. Sanyin yankin ya kuma ba shi kabeji da karas da koren wake da latas da koren tattasai. Kasuwar Farin Gada a Jos da kasuwar Juma'a ta Mangu suna cikin wuraren da ake tara kayan, daga nan su nufi Dei-Dei da Zuba a Abuja, ko su zarce Mile 12 a Legas, ko Fatakwal da Onica.

Wanda ya tsaya a wurin lodi zai ga inda asara take somawa. Ana cika buhun dankali har ya yi toliya, a ɗinke bakinsa da igiya, ƙarti biyu su ɗaga su aza wa na uku, ya taka katako ya hau mota ya jefar. Tumatir kuma a kwandon kaba yake, a rufe da takarda ko ciyawa, a jera wani bisa wani, na ƙasa yana ɗauke da nauyin na sama. Da yamma ake lodi don a ci moriyar sanyin dare. Idan tafiya ta yi kyau, kaya su isa da mutuncinsu. Idan aka kwana a hanya, ruwan tumatir ne zai riƙa ɗiga ta ƙasan bodi, kuma dillali a can ba zai biya kuɗin abin da ya ruɓe ba, manomi da ɗan kasuwa ne za su raba asarar. Kwandon roba mai hawa kan juna ba tare da matse kaya ba ya rage wannan matsala a inda aka gwada shi, sai dai yana da tasa wahalar: dole a dawo da shi fanko, kuma wani ne zai biya kuɗin dawowar.

Batun dawowa fanko ya wuce kwando. Motar da ta kai kaya ta dawo ba lodi, mai ita zai ɗora kuɗin gas na zuwa da dawowa a kan kayan da ya kai. Shi ya sa 'yan kamasho suke da muhimmanci a tasha, don su ne suka san wanda ke da taki ko gishiri ko fulawa da ke neman mota zuwa Arewa. Tsari mai kyau yana ɗaukar wannan sani nasu da daraja, ya nemi hanyar faɗaɗa shi, ko ta waya ko ta rajistar kaya a manyan kasuwanni.

Nauyi, shinge da wurin tsayawa

Gwajin da aka yi a Amurka a ƙarshen shekarun 1950 ya nuna cewa ɓarnar da taya ke yi wa kwalta tana ninkuwa fiye da yadda ake zato: idan aka ninka nauyin da ke kan gatari, wato ƙarfen da ke haɗa tayoyin hagu da na dama, sau biyu, ɓarnar takan ninku kusan sau 16. ECOWAS ta amince da ƙa'idar nauyi ta bai ɗaya a 2012, wadda ta ƙayyade nauyin da kowane gatari zai ɗauka. Ƙa'idar ba ta aiki sai da sikeli a bakin masana'anta da ma'ajiyar mai da kan hanya, da kuma ma'aikacin da ba za a saye shi ba. Inda babu wannan, hanyar da aka gina don shekara 20 takan fashe tun ba ta yi rabin haka ba.

Sai shingaye. Tsakanin gona da kasuwa direba yana cin karo da jami'an tsaro, da masu karɓar harajin jiha, da na ƙaramar hukuma, da na ƙungiya, kowa da rasit ɗinsa, wani ma babu rasit. Yawan haraji a hanya yana cikin koke-koken haɗaɗɗiyar ƙungiyar dillalan abinci da shanu lokacin da ta dakatar da kai kaya Kudu a ƙarshen Fabrairun 2021, abin da ya sa farashin tumatir da nama ya tashi a Legas cikin 'yan kwanaki, kaya kuma suka yi kwantai a kasuwannin Arewa. Wannan gyara ne da ba ya bukatar siminti ko buhu ɗaya, amma ya fi gina gada wuya, saboda kowane shinge akwai mai ci a bayansa.

Rashin tashar manyan motoci ma babbar matsala ce. A Tafa tireloli da tankoki kan jeru a gefen titi su cinye rabinsa. Haɗarin tankar mai ba ƙarami ba ne: fashewar da aka yi a mahaɗar Dikko kusa da Suleja a Janairun 2025 ta halaka mutane sama da 80. Direban da ya yini yana tuƙi yana bukatar fili mai tsaro, da ruwa, da masallaci, da makanike, nesa da gidajen jama'a.

Layin dogo, tashoshin tsandauri da kogi

A nan ne raunin tsarin ya fi fitowa fili, domin ayyukan suna nan amma ba su haɗu da juna ba. Layin Abuja zuwa Kaduna, mai tsawon kilomita 186 daga Idu zuwa Rigasa, an buɗe shi a Yulin 2016, kuma faɗinsa milimita 1,435 ne. Tsohon layin da ya bi ta Kaduna da Kafanchan da Jos milimita 1,067 ne, don haka taragon wannan ba ya hawa wancan. Sabon layin da ya taso daga Apapa ya tsaya Ibadan a 2021. Na Warri ya tsaya Itakpe a jihar Kogi. Ke nan tashar Idu, duk da tana maƙwabtaka da unguwar masana'antu ta Abuja, ba ta da sabon layin da ya kai ta bakin teku, kuma fasinja ne kusan duk abin da take ɗauka. Gyaran tsohon layin Fatakwal zuwa Maiduguri, wanda shi ne na Jos, an ƙaddamar da shi a Maris 2021, kuma sashen Fatakwal zuwa Aba ne ya fara aiki.

Tashar tsandauri wuri ne a cikin ƙasa da ake kai kwantena kai tsaye daga jirgin ruwa, kwastam su duba ta a can, mai kaya ya biya ya ɗauka ba tare da ya je Legas ba. A 2006 gwamnatin tarayya ta amince da guda shida ƙarƙashin kulawar hukumar masu safarar kaya ta jiragen ruwa: Ibadan, Isiala Ngwa, Kano, Funtuwa, Maiduguri da Heipang kusa da Jos. Ta Kaduna, wadda ba ta cikin jerin farko, ita aka fara buɗewa a Janairun 2018, ta Dala a Kano ta biyo a 2023, ta Funtuwa a 2024. Ta Heipang ta daɗe tana jiran kammalawa, alhali wurinta ya dace ƙwarai, ga filin jirgin sama na Yakubu Gowon a gefe, ga mahaɗar Kuru ba nisa. Sai dai tashar tsandauri ba tare da jirgin ƙasa mai zuwa a kan lokaci ba amfaninta kaɗan ne, tunda kwantenar za ta hau tirela ne ta bi Hawan Kibo kamar kowa.

Tashar ruwa ta Baro a jihar Neja, wadda aka buɗe a Janairun 2019 bayan yashe kogin Kwara da aka soma a 2009, ita ma ta gamu da irin wannan cikas na rashin kyakkyawar hanyar da za ta fitar da kaya daga bakin ruwa. Abin takaici ne ganin cewa Baro ce mafarin layin dogon da ya isa Kano a 1911.

Wa ke da alhaki

Manyan tituna na ma'aikatar ayyuka ta tarayya ne, faci da gyara na FERMA, kiyaye haɗura na FRSC, kogi na NIWA, filayen jirage na FAAN. Hanyoyin karkara da ke fito da dankali daga gona zuwa kwalta na jihohi da ƙananan hukumomi ne, kuma da damina su ne ke fara yankewa. Motocin kansu na 'yan kasuwa ne, da yawansu ƙarƙashin ƙungiyar masu motocin sufuri ta NARTO. Kayan da suka tashi daga Bokkos zuwa Dei-Dei suna ratsa Filato da kudancin Kaduna da Nasarawa da Babban Birnin Tarayya, kowacce da nata kasafi da nata masu karɓar haraji. Gyaran kundin tsarin mulki na Maris 2023 ya ba jihohi ikon shiga harkar layin dogo, wanda a da na tarayya ne kaɗai, don haka yanzu doka ba ta hana maƙwabtan jihohi su haɗa kuɗi su gyara wani sashe na layi, ko su gina ɗakunan sanyi a tashoshinsa, ko su amince da rasit ɗaya da zai raka mota daga wurin lodi zuwa wurin saukewa.