Rariyar 1966: waiwaye kan yadda ofisoshin fasaha suka zama haka

Tun farkon 2025 ake kai ruwa rana a Amurka kan shirye-shiryen da kamfanonin fasaha suka kafa domin jawo mata da baƙar fata da masu buƙata ta musamman cikin ma'aikatansu. Wasu kamfanonin sun rushe sassan da ke kula da aikin, wasu sun sauya musu suna, wasu sun yi gum suna ci gaba da abinsu. Masu murna suna cewa dama cancanta ce ya kamata ta yi alƙalanci. Masu takaici suna cewa an koma gidan jiya. Muhawarar ta iso har wayoyinmu, domin matasanmu masu koyon rubuta manhaja a Kano da Kaduna da Jos waɗannan kamfanonin suke hange, kuma salon aikinsu suke kwaikwayo. Abin da ke damuna shi ne kowane ɓangare yana magana kamar shekaran jiya aka fara, alhali ruwa ba ya tsami banza.

Farkon labarin mata da kwamfuta an sha faɗarsa, don haka ba zan daɗe a kansa ba. A 1843 Ada Lovelace ta rubuta bayanin yadda za a sarrafa injin lissafin Charles Babbage a Ingila. Kafin na'urar ta zo, kalmar kwamfuta sunan sana'a ce ta mutumin da ke zama da fensir yana lissafi, kuma lokacin Yaƙin Duniya na Biyu mata ne suka cika wannan sana'a. Mata shida ne suka tsara aikin na'urar ENIAC, ɗaya daga cikin kwamfutocin lantarki na farko, a Jami'ar Pennsylvania ta Amurka, amma da aka nuna ta ga jama'a a Fabrairun 1946 ba a gabatar da su ba. Grace Hopper ta share hanyar da ta kai ga COBOL, wani harshe na rubuta wa kwamfuta umarni. Margaret Hamilton ta jagoranci masu rubuta manhajar kumbon Apollo da ya sauka a duniyar wata a 1969. A farkon zamanin, martaba tana wurin ƙera ƙarfen na'urar. Rubuta mata umarni kuwa ana ganinsa kamar aikin akawu, shi ya sa ba a yi wa mata rowarsa ba.

Daga nan yawancin masu ba da labarin sukan tsallaka zuwa 1984. A shekarar, kashi 37 cikin ɗari na masu kammala digirin farko a ilimin kwamfuta a Amurka mata ne, daga baya adadin ya yi ta gangarowa har ya kai wajen kashi 18. Dalilin da ake bayarwa shi ne kwamfutar gida ta shigo kasuwa ana tallarta a matsayin abin wasan yara maza. Gaskiya ne. Sai dai irin da aka zuba a 1984 ya tarar da gonar da aka riga aka nome tun shekara ashirin baya, kuma wannan noman ne ba a cika waiwayarsa ba.

A ƙarshen shekarun 1950 da farkon na 1960 bankuna da kamfanonin inshora da na jiragen sama suka yi ta sayen kwamfuta, sai aka wayi gari ga na'urori, ba masu sarrafa su. Babu digirin da za a nema a takardar mutum, domin sashen ilimin kwamfuta na farko a jami'ar Amurka sai a 1962 aka buɗe shi a Purdue. Masu ɗaukar aiki suka rasa abin kamawa. Sun gwada malaman lissafi, sun gwada 'yan wasan dara ta Turawa, sun gwada makaɗa. Horar da mutum ɗaya yana cin watanni da kuɗi mai yawa, kuma ba wanda yake son ya kashe kuɗi a kan wanda ba zai iya ba. Sai aka koma ga jarrabawar gwajin basira: jerin lambobi a cike na gaba, zane-zane a gano wanda ya saɓa, lissafi cikin ƙurarren lokaci. Kafin tsakiyar shekarun 1960 yawancin masu ɗaukar marubutan manhaja suna amfani da irin wannan jarrabawa.

Jarrabawar ba ta wadatar ba, aka so a san halin mutumin ma. A 1966 wasu masana halayyar ɗan Adam biyu suka fitar da sakamakon binciken da suka yi a kan marubutan manhaja 1,378. A cikinsu 186 ne kawai mata. Sun gano cewa mutanen suna son warware matsala mai sarƙaƙiya, abin da ba wanda zai yi mamakinsa. Sai kuma suka lura da wata siffa da suka ce ta bambanta su da sauran ma'aikata: ba su damu da mutane ba, sun fi son hulɗa da abubuwa a kan hulɗa da jama'a.

A nan nake so mu ɗan tsaya. Masanan sun auna waɗanda suka tarar ne a bakin aiki. Binciken bai nuna cewa mai gudun mutane ya fi mai son mutane iya rubuta manhaja ba. Ya dai bayyana halin wani rukuni, a wasu ofisoshi, a wani lokaci, rukunin da galibinsa maza ne, kuma an riga an tace shi da jarrabawar farko. Amma masana'anta mai ƙishirwar ma'aikata ta ɗauki bayanin ta mayar da shi sharaɗi. Duk matar da ta taɓa tankaɗe ta san abin da nake nufi. In kika tankaɗe gari, kika auna girman abin da ya wuce, kika sa aka yi miki sabuwar rariya daidai wannan awo, to har abada irin garin nan za ki riƙa samu, kuma ba za ki taɓa sanin me kika zubar a tsaki ba.

Haka aka yi. Waɗanda suka wuce rariyar suka girma a aiki, suka zama su ne masu tantance na baya, suka riƙa neman mai kama da su. Sauran abubuwa suka zo suka ƙara wa abin ƙarfi. Lokacin amfani da babbar kwamfuta yana da tsada, da rana aikin kamfani take yi, don haka marubucin manhaja yakan jira dare ya gwada katunansa masu huji, waɗanda da su ake shigar wa na'urar umarni a wancan zamani. Kwana a ofis ya zama alamar kishin aiki, kuma ba sai an faɗa ba, mai goyo ko mai jinyar tsoho ba zai iya wannan gasar ba. A 1968 aka yi wani taro a Garmisch ta Jamus wanda ya yayata kiran sana'ar da injiniyancin manhaja. Sunan ya ɗaga darajarta, albashi ya hau, sai dai injiniyanci a wancan zamani fage ne da kusan babu mata a cikinsa. Ba wanda ya zauna ya rubuta dokar korar kowa. Matakai ne ƙanana, kowanne da hujjarsa mai kama da hankali.

Ni a ganina babbar ɓarnar ma ba a ƙofar shiga ta tsaya ba. Idan an yarda cewa gwanin gaske ba ya son mutane, to rashin ladabi ya sami lasisi. Wanda ke yi wa sabon ma'aikaci tsawa don ya yi tambaya, sai a ce ai haka gwanaye suke. Wadda ta iya sauraron abokin ciniki, ta iya sasanta abokan aiki, ta iya koya wa na ƙasa, sai a ce ta fi dacewa da wani sashen, a janye ta daga rubutun. Alhali manhaja jama'a ke rubuta ta, don jama'a. Shi ya sa da manyan kamfanoni suka fara wallafa alƙaluman ma'aikatansu a 2014, aka ga mata a sassan fasaha ba su kai kashi ɗaya cikin biyar ba a wurare da dama, aka kuma shiga ɗaukar sababbi da gaggawa, da yawansu suka shiga ta ƙofa suka fita ta taga. An faɗaɗa ƙofa, ɗakin yana nan yadda yake.

Na ga jikar wannan rariya da idona a nan gida. Na taɓa zama a gefe a wani ƙaramin kamfani ana tantance wata matashiya. Ta zo da wayarta, fuskar wayar duk ta tsage, ta nuna manhajar da ta haɗa wa mahaifiyarta don lissafin adashe: sunan kowace mai zubi, ranar kwasa, da saƙon tuni. Ba a duba ba sosai. Aka miƙa mata alƙalamin allo aka ba ta wani wasan ƙwaƙwalwa, ta warware, hannunta na rawa. Sai ɗaya ya tambaye ta ko tana rubutu da dare da ranakun hutu. Ta ce, “Yallaɓai, da dare ina taya Umma aiki, sai bayan asuba nake zama.” Da ta fita, ya ce wa na kusa da shi ba ta da zafin abin. Mutumin kirki ne, na san shi, kuma na tabbata bai taɓa jin labarin binciken 1966 ba. Raina ya sosu ƙwarai ranar.

Masu cewa halitta ce kawai ta raba aikin suna da tambayoyin da ya kamata su amsa. A Malesiya mata sun daɗe suna kusan rabin ɗaliban ilimin kwamfuta a jami'o'i, domin can ana ganinsa aikin ofis mai mutunci da ya dace da 'ya mace. A Jami'ar Carnegie Mellon ta Amurka mata kashi 7 ne na sababbin ɗaliban sashen ilimin kwamfuta a 1995. Aka daina fifita wanda ya riga ya iya rubutu tun daga gida, aka buɗe hanyoyin shiga daban-daban, aka kula da waɗanda suka shigo. Zuwa 2000 sun kai kashi 42.

Kuma tun a zamanin da ake saƙa waccan rariyar akwai wadda ta bi wata hanya. A 1962 Stephanie Shirley ta kafa kamfanin manhaja a kan teburin gidanta a Ingila da jarin fam 6. Da ta ga ba a amsa wasiƙunta, sai ta koma sa hannu da sunan Steve, aka fara amsawa. Ta nemi matan da aure ko haihuwa ya raba da aiki, ta bar su suna rubutu daga gida a lokacin da ya yi musu, ana biyansu gwargwadon aikin da suka gama. A cikin ma'aikatanta 300 na farko uku ne kawai maza, sai da dokar hana wariyar jinsi ta 1975 ta zo sannan tsarin ya sauya. Waɗannan matan ne, daga ɗakunansu, suka rubuta manhajar baƙin akwatin jirgin saman Concorde, wato na'urar da ke naɗar bayanan tafiyarsa. Ta rasu a Agustan 2025 tana da shekara 91, ana tsakiyar wannan muhawara. Cikin tambayoyin da kamfaninta ke yi wa mai neman aiki a wancan lokaci akwai wannan: ko akwai wayar tarho da za a iya samunki a kai.