Waiwaye: Jonah Lomu, gwarzon zari-ruga da ciwon ƙoda ya ɗauke yana da shekara 40

Ranar 18 ga Yunin 1995, a filin wasa na Newlands da ke birnin Cape Town, wani saurayi ɗan shekara 20 ya karɓi ƙwallo a gefen hagu, ya kauce wa ɗan wasan Ingila guda, ya wuce na biyu yana tangal-tangal kamar zai faɗi. Saura mutum ɗaya a gabansa, Mike Catt. Ko kewaye shi bai yi ba, ta kansa ya bi ya wuce, ya dire ƙwallo bayan layi, wanda shi ne cin maki a zari-ruga. Sau huɗu ya yi wa Ingila haka a wannan rana, New Zealand ta ci 45 da 29, ta kai wasan ƙarshe na gasar cin kofin duniya. Daga ranar har waɗanda ba su san dokar zari-ruga ba suka san sunan Jonah Lomu.

An haife shi a Auckland ranar 12 ga Mayun 1975. Iyayensa 'yan asalin tsibiran Tonga ne, kuma a can ya yi wani ɓangare na ƙuruciyarsa a hannun dangi kafin a dawo da shi unguwar Mangere, inda rayuwa ke da tsanani, samari da dama kuma ke faɗawa ƙungiyoyin daba. Makarantar kwana ta Wesley College ce ta raba shi da titi. A can aka gane cewa yaron ya haɗa abu biyu da ba kasafai suke zama a jiki ɗaya ba. Tsawonsa ya kai mita 1.96, nauyinsa kusan kilo 120, amma in ya zura da gudu sai ka ce ɗan tsere. A al'adar wasan, irin waɗannan ƙarti gaba ake sa su, wurin ture-ture da kokawar ƙwace ƙwallo, gefe kuwa na sirara ne masu sauri. Shi sai aka kai shi gefe, inda wanda zai tare shi sau da yawa bai kai shi nauyi ko kusa ba.

A 1994 ya fara buga wa All Blacks, babbar tawagar ƙasarsa, a karawa da Faransa, yana da shekara 19 da kwana 45. Bai taka rawar kirki ba, aka ajiye shi, har ana shakkar ko za a tafi da shi gasar kofin duniya ta 1995 a Afirka ta Kudu. Da aka tafi da shi ɗin, sau bakwai ya dire ƙwallo a gasar. Kofin dai bai zo hannunsu ba. Masu masauki sun yi masa taron dangi a Johannesburg, suka ci 15 da 12, Nelson Mandela, sanye da rigar tawagar ƙasarsa, ya miƙa kofi ga kyaftin ɗinsu Francois Pienaar.

Shekarar tana da wani muhimmanci. Har zuwa lokacin, a hukumance ba a biyan 'yan zari-ruga albashi. Ana cikin gasar aka sanar da yarjejeniyar nuna wasanni a talabijin ta dala miliyan 555 na tsawon shekara goma tsakanin kamfanin attajirin kafafen yaɗa labarai Rupert Murdoch da hukumomin wasan na New Zealand da Ostireliya da Afirka ta Kudu, a watan Agusta kuma aka amince wasan ya zama sana'a. Ba Lomu kaɗai ya kawo wannan sauyi ba, amma fuskarsa ce aka tallata sabon zamanin da ita.

Abin da ya fi taɓa mini zuciya a tarihinsa shi ne duk wannan bajinta da ciwo a jikinsa ya yi ta. A ƙarshen 1995 likitoci suka tabbatar yana da wata cutar ƙoda mai sa sinadarin gina jiki ya riƙa zurarewa ta fitsari, jiki ya kumbura, gajiya ta yi wa mutum katutu. Ta zaunar da shi mafi yawan 1997. Ya dawo ya ci lambar zinariya da tawagar 'yan bakwai-bakwai (zari-rugar da ake bugawa da mutum bakwai a kowane ɓangare) a wasannin Commonwealth na 1998 a Kuala Lumpur. A kofin duniya na 1999 ya dire ƙwallo sau takwas, biyu daga ciki a wasan da Faransa ta fitar da su a filin Twickenham da ke Landan. Jimilla 15 ke nan a gasa biyu, adadin da sai a 2015 Bryan Habana na Afirka ta Kudu ya kamo. Ya buga wa ƙasarsa wasa 63, ya dire 37, na ƙarshensu a 2002 yana da shekara 27 kacal. A ganina, duniya ba ta taɓa ganin Lomu da cikakkiyar lafiya ba.

A 2003 aka fara yi masa wankin ƙoda sau uku a mako. Duk wanda ya taɓa jinyar ɗan'uwa mai wannan lalura ya san yadda take cin jiki da aljihu. Jijiyoyin ƙafafunsa suka lalace, mutumin da ƙarti uku ke kasa kayarwa ya koma tafiya ma da ƙyar. A Yulin 2004 abokinsa Grant Kereama, ma'aikacin gidan rediyo, ya ba shi ƙodarsa ɗaya. Da wani ne da ya gode wa Allah ya zauna. Shi kuwa ya sake ɗaura takalmi, ya buga wa Cardiff Blues a Wales, daga baya wata ƙaramar ƙungiya a kusa da Marseille. Rigar All Blacks da yake mafarkin sake sawa ba ta ƙara hawa jikinsa ba.

A 2011, jim kaɗan bayan ya fito a bikin buɗe kofin duniya a Auckland, ƙodar da aka dasa masa ta gaza, ya koma kan na'ura. Haka ya je Ingila a 2015 yana ayyukan talla a lokacin gasar, yana gaisawa da masoya, yana zuwa wankin ƙoda a tsakani. Ya dawo gida, washegari, 18 ga Nuwamba, zuciyarsa ta buga, ya rasu.

Ranar 30 ga watan dubban mutane suka taru a filin Eden Park da ke Auckland, tsofaffin abokan wasansa suka yi masa "haka", wato rawar gargajiyar ƙabilar Maori da All Blacks ke yi kafin kowace karawa, aka fita da gawarsa. Bayan 'yan makonni sai ta bayyana cewa bai bar wata dukiya ba. Ƙungiyar 'yan wasan zari-ruga ta ƙasar ce ta buɗe asusu domin 'ya'yansa maza biyu, waɗanda a lokacin babbansu bai wuce shekara shida ba.