Bayanau a Turanci: wuraren da ake yawan tuntuɓe

Mene ne bayanau tukuna?

Kalma ce da ke ƙara haske a kan aikatau, ko sifa, ko wani bayanau ɗin: yadda aka yi abu, yaushe, a ina, sau nawa. Mu mu ce "ya yi tafiya a hankali", Bature ya ce *He walked slowly*. To, *slowly* ɗin nan ita ce bayanau.

Ba kawai in liƙa *ly* a ƙarshen kalma ba ne, shi ke nan?

Sau da yawa haka ne: *quick* ta zama *quickly*, *easy* ta zama *easily*, inda *y* ke komawa *i*. Amma kada ka saki jiki. *Friendly* da *lovely* sifofi ne duk da wutsiyar tasu. *Fast* ba ta sauya kama, *He runs fast* ake cewa, babu *fastly* a daidaitaccen Turanci. *Good* kuwa *well* take komawa: *She writes well*.

*Hard* da *hardly* ba abu ɗaya ba ne?

Ina! Nan ne ramin ya fi zurfi. *He works hard* na nufin yana aiki tuƙuru. *He hardly works* kuwa, da ƙyar yake taɓa aikin. Ka ɗauka mutum ya zauna zai rubuta wa yaronsa takardar shaida, yana son ya yabe shi, sai ya ƙara *ly* don jimlar ta yi armashi. Ya shafa masa baƙin fenti bai sani ba. Haka *late* da *lately* suke: ta farko "a makare", ta biyu "kwanan nan".

A ina ake ajiye shi cikin jimla?

A ganina wannan ya fi haddace kalmomin muhimmanci. Masu nuna yawan aukuwa, irin su *always*, *often* da *never*, suna zuwa kafin aikatau: *I always read at night*. Amma bayan *am*, *is*, *are*, *was* da *were* suke zama: *She is never late*. In akwai ɗan taimako kamar *have* ko *will*, sai su shiga tsakiya: *I have never seen it*.

Abu ɗaya da kunnen mai harshen ba ya ɗauka shi ne a raba aikatau da abin da aikin ya faɗa wa. *She speaks English well*, ba *She speaks well English* ba.

*Very* da *too* fa? Ai duk "sosai" ne.

A'a. *Very* ce "sosai". *Too* tana nufin abin ya wuce gona da iri, har ya zama matsala. *The bag is very heavy*: jakar na da nauyi, amma wataƙila ka iya ɗauka. *The bag is too heavy*: ta fi ƙarfinka. Saboda haka in ka ce wa malaminka *You are too strict*, ƙorafi ka yi, ba bayani ba.

Sannan *very* ba ta hawa kan aikatau kai tsaye. Ba a cewa *I very like it*, sai dai *I like it very much*.