Karatun tsara cikin gini a kwalejoji masu zaman kansu na Saudiyya

Tsara cikin gini, wanda a Larabce ake kira tasmim dakhili, mutanen gari kuma suka fi saninsa da dikor, fannin ilimi ne da ke koyar da yadda ake raba ɗakuna, a tsara haske da iska, a zaɓi kayan bango da daɓe da rufi, sannan a zana komai a takarda yadda ma'aikaci zai bi. A Saudiyya ana karanta shi a jami'o'in gwamnati, ana kuma karanta shi a kwalejoji masu zaman kansu, wato kulliyyat ahliyya. Waɗannan na biyun su suka fi shafar Hausawa mazauna Makka da Jidda da Madina, musamman waɗanda ke zaune da iƙama ba su da takardar ɗan ƙasa, domin gurabun jami'ar gwamnati galibi na 'yan ƙasa ne da ɗaliban da aka ba tallafin karatu.

Asali

Kafin ƙarshen ƙarni na 20 ilimin gaba da sakandare a Saudiyya kusan duka a hannun gwamnati yake. A shekarar 1999 aka buɗe kwalejoji biyu na mata a Jidda, Dar Al-Hekma da Effat, wadda aka raɗa wa sunan matar Sarki Faisal. Tsara cikin gini na cikin fannonin da Dar Al-Hekma ta fara da su. Effat ta zama jami'a a 2009, Dar Al-Hekma kuma a 2014. A Riyad kwalejin Yarima Sultan ta fara a wannan zango, ta zama jami'a a 2003, ita ma tana koyar da fannin.

Mata ne suka mamaye fannin, kuma dalilin ba ɓoyayye ba ne. Shekaru da dama ba a buɗe wa mata sashen zanen gine-gine da injiniyanci a yawancin jami'o'in gwamnati ba, sai tsara cikin gini ya zama ƙofa mafi kusa ga yarinyar da ke son zane da lissafi. Ga kuma buƙatar kasuwa: uwar gida ta fi sakin jiki da mace ta shigo mata har ɗakin kwana ta yi awo.

Abin da ake koyarwa

Digiri na farko yakan ɗauki shekara huɗu, a wasu wurare biyar idan an haɗa da shekarar share fage. Difloma a cibiyoyin koyon sana'a kan ɗauki kamar shekara biyu. Yawancin kwalejojin da Turanci suke koyarwa, shi ya sa ake neman sakamakon jarrabawar Turanci ta IELTS ko TOEFL, ko ɗalibi ya zauna jarrabawar makarantar. Akan nemi takardar kammala sakandare, sau da yawa kuma da sakamakon Ƙudurat, jarrabawar gwada hazaƙa ta masu neman shiga jami'a.

Ƙashin bayan karatun shi ne sitidiyo. Ɗaki ne mai faffaɗan tebura inda ɗaliba ke shafe awanni a kan aiki guda, malama na zagayawa tana duba na kowa. A shekarar farko da hannu ake zane, da fensir da rula, a koyi sikeli da launi da inuwa. Daga baya a koma kwamfuta, a koyi manhajojin zane irin su AutoCAD da SketchUp da Revit da 3ds Max. Aikin yana girma da shekaru: ɗaki ɗaya, sai gida, sai shago ko gidan cin abinci, a ƙarshe otal ko asibiti. Kowane aiki yana ƙarewa da ranar hukunci, lokacin da ɗaliba za ta manna zanenta a bango, ta ajiye ɗan samfurin ginin da ta haɗa da kwali da gam a sikelin 1:50, ta tsaya gaban malamai da baƙin ƙwararru ta kare shi. Tambayoyin ba na launin labule ba ne. Za a ce mata: ƙofar nan ina take buɗewa idan gobara ta tashi? Keken guragu zai juya a banɗakin nan? Bututun na'urar sanyaya ɗaki ta ina ya bi, tunda kin sauke rufin jibis har ya kusa taɓa saman taga?

A nan ne da yawa ke gane cewa abin ya wuce jere. Bahaushe ya san adon ɗaki tun kafin kwaleji, daga jeren ƙorai da samiru a ɗakin amarya har zanen bango da magina ke yi a Kano da Zariya, kuma wannan gadon yana ba ɗaliba ido. Amma ido kaɗai ba ya cin jarrabawar kayan gini, ko ta wutar lantarki da amo, ko ta ƙa'idojin gini na Saudiyya, waɗanda ke da babi na musamman kan kariya daga gobara. Akwai kuma darasin ƙiyasin kuɗi da rubuta kwangila, wanda ɗalibai kan raina sai sun fita aiki. Kafin a kammala akan tura ɗaliba ofishin zane ta yi horon aiki, sannan ta gabatar da babban aikin ƙarshe.

Gidan Saudiyya a matsayin darasi

Littattafan karatun galibi daga Amurka da Ingila suke, amma gidan da za a tsara na Jidda ne ko Riyad, kuma yana da dokokinsa. Majalisin maza yana kusa da ƙofar waje, yadda baƙo zai shiga ya fita bai ga iyali ba, aikin da zaure da soro ke yi a gidan Bahaushe. Kusa da majalisi akwai wurin cin abinci da jerin wuraren wanke hannu. Kujeru suna bin bango, tsakiya a bar ta fili don shayi da gahawa. Masai ba ya fuskantar alƙibla kuma ba ya ba ta baya. Yanayi ma yana da bakin magana: laimar Jidda tana kumbura katako mara kyau, zafin Riyad da ƙurarta kuma suna cinye yadi da fenti.

Kayan gargajiya sun dawo cikin manhaja da ƙarfi. Ɗaliban Jidda kan je tsohon gari, Al-Balad, wanda UNESCO ta sa cikin wuraren tarihi na duniya a 2014, su auna rawashin, tagogin katako masu ɓullowa waje da ke shigo da iska suna tare ido. Ana nazarin Al-Ƙatt Al-Asiri, zanen bango da matan yankin Asir ke yi a cikin ɗakuna, wanda UNESCO ta amince da shi a 2017, da saƙar Sadu ta makiyaya, da ginin ƙasa na Turaif a Dir'iyya. Bayan ƙaddamar da shirin raya ƙasa na Vision 2030 a 2016 an kafa Ma'aikatar Al'adu a 2018, sannan Hukumar Gine-gine da Zane a ƙarƙashinta a 2020.

Lasisi da ingancin takarda

Ma'aikatar Ilimi ce ke ba kwalejoji da jami'o'i masu zaman kansu lasisi, tun bayan haɗe ta da Ma'aikatar Ilimi Mai Zurfi a 2015. Cibiyoyin da ke ba da difloma da gajerun kwasa-kwasai kuwa a ƙarƙashin hukumar koyar da sana'o'i ta TVTC suke. Tantance ingancin manhaja aikin ETEC ne, hukumar da ke auna ilimi da horo. Bambancin yana da nauyi, domin kwas na wata uku da aka gani a tallar Instagram takardar halarta kawai yake bayarwa, ba ta zama digiri, ko da an buga ta da ruwan zinariya. Wanda ke niyyar komawa Nijeriya ko Nijar da takardarsa sai ya bi ta tantancewar hukumomin ilimi na can kafin a karɓe ta.

Kuɗi da aiki

Karatun yana da tsada. Kuɗin makaranta kan kai dubban riyal gommai a shekara, kuma riyal a ɗaure yake da dala, 3.75 kan dala ɗaya, don haka iyayen da ke turo kuɗi da naira su suka fi jin jiki. Ban da wannan akwai kwamfuta mai ƙarfi, da buga manyan zane, da kayan samfuri da ake saye kusan kowane mako. A gidajen Hausawa da dama 'yan'uwa ne ke haɗa hannu, yaya ya biya zango ɗaya, kawu ya ɗauki na gaba.

Waɗanda suka kammala suna aiki a ofisoshin zane, kamfanonin kwangila, shagunan kayan ɗaki da na kicin, da otal-otal, waɗanda Makka da Madina ke cike da su saboda alhazai da masu umara. Hausawa 'yan ƙasa, irin masu laƙabin Hausawi, suna shiga kasuwar kamar kowane Basaudiye. Mai iƙama kuwa yana fuskantar tsarin Nitaƙat na 2011, wanda ya ɗora wa kamfanoni ɗaukar wani kaso na 'yan ƙasa, ga kuma batun izinin aiki da sana'ar da aka rubuta a iƙamarsa. Wasu kan zauna a Jidda suna zana wa masu gini a Kano da Abuja ta intanet, su aika zanen, kafinta da mai jibis na can su aiwatar.