Girman Kai da Mulki a Wasannin Girka na Dā: Amsoshin Tambayoyin da Kuke Ta Maimaitawa

Kowane zangon karatu tambayoyin nan ne dai suke dawowa, fuskokin masu yin su ne kawai ke canzawa. Na tara su wuri ɗaya. Wanda ya sake tare ni a bakin ofis da ɗaya daga cikinsu, nan zan turo shi.

Malam, darasin duk wasannin nan ba "girman kai rawanin tsiya" ba ne?

A'a. Kuma don Allah ku daina rufe takardar jarrabawa da wannan karin maganar. Karin maganar ba ta yi laifi ba, ku ne kuke fakewa da ita don ku huta da tunani.

Ɗauki Idifus, sarkin Tibis, a wasan Sofokilis. Tun kafin a haife shi aka faɗa wa ubansa cewa ɗan da zai haifa shi zai kashe shi. Da Idifus ya girma ya ji cewa zai kashe ubansa ya auri uwarsa, sai ya gudu ya bar Korint don kada hakan ta faru, bai san waɗanda ya guje wa ba su suka haife shi ba. Da annoba ta sauka a Tibis, shi ne ya nace sai an tono wanda ya kashe tsohon sarki Layos. Matarsa ta roƙe shi ya bar binciken, ya ƙi. Yana da zafin rai, ban musa ba: ya kashe dattijo a mararraba a kan rikicin hanya, ya zagi makahon mai duba Tiresiyas, ya zargi surukinsa Kiriyon da ƙulla masa makirci. Amma abin da ya tona asirinsa naci ne a kan gaskiya da tausayin talakawansa. In ka ce girman kai kawai, ina ka kai wannan? Aristotil, masanin falsafar Girka, ma cewa ya yi jarumin irin wannan wasa ba mugu ba ne, ba kuma waliyyi ba, mutum ne mai daraja da kuskure ya kayar.

Su wane ne marubutan?

Waɗanda wasanninsu suka iso gare mu uku ne: Iskilus, Sofokilis, Yurifidis. Duk 'yan Atina, duk a ƙarni na 5 kafin Miladiyya. Sofokilis ya rubuta wasanni sama da 120, bakwai suka tsira. Jimillar abin da ke hannunmu talatin da 'yan kai ne. Wannan yana shafin farko na kowane littafi da na ce ku saya.

A ina ake yin wasannin?

A fili, da rana, a gindin tudun Akurofolis, lokacin bikin abin bautarsu Diyonisus. Gasa ce. Marubuta uku, kowa da wasannin ban tausayi uku da na raha ɗaya, alƙalai kuma da ƙuri'a ake fitar da su. Wani attajiri ake ɗora wa kuɗin 'yan amshi. 'Yan wasa duk maza ne, fuskarsu a rufe, masu magana ba sa wuce uku, saboda haka mutum ɗaya kan fito a matsayin mutum biyu ko uku.

To, ke nan girman kai ba shi da wuri a ciki?

Wa ya ce? Yana nan, amma ku lura da irinsa. Abin da ya dami Girkawa shi ne mai ƙarfi ya tsallake iyaka a aikace, ya wulaƙanta wani don yana iyawa, ko ya taɓa abin da ba na ɗan Adam ba. A Atina har ƙara ake kai mutum kotu a kan irin wannan cin zarafi.

Wasa mafi tsufa da muke da shi, *Farisawa* na Iskilus, an yi shi a 472 kafin Miladiyya, shekara takwas bayan yaƙin ruwa na Salamis. Sarki Zaksis na Farisa ya ɗaure jiragen ruwa ya yi gada a kan mashigin teku don rundunarsa ta ƙetara, ya koma gida da yagaggun tufafi, fatalwar ubansa Dariyus kuwa ta riga ta yanke masa hukunci. Abin da nake so ku gani shi ne, Iskilus ya yaƙi Farisawan nan da hannunsa, amma ya kai wasan fadarsu, ya sa 'yan Atina suka zauna suna sauraron kukan abokan gaba. Ko sunan jarumin Girka ɗaya bai ambata ba.

Wanda na fi so shi ne na *Agamemnon*. Sarki ya dawo daga yaƙin Taroi bayan shekara goma. Matarsa Kilitemnestira, wadda ba ta manta ya yanka 'yarsu Ifijiniya don a samu iskar tafiya ba, ta sa aka shimfiɗa jajayen yadudduka masu tsada daga keken dokinsa zuwa ƙofar gida. Ya ce a'a, wannan girmamawa ta alloli ce, kada a mayar da shi sarkin baƙin ƙasa. Ta ja shi da magana kaɗan. Sai ya ce a kwance masa takalmi, ya taka da ƙafa tsirara. Ya san ba daidai ba ne, ya faɗa da bakinsa, ya cire takalmi don ya rage wa kansa laifi, ya dai taka. A wurin wanka ta kashe shi. Duk mai son sanin yadda mulki ke cin mutum ya tsaya a kan wannan cire takalmin.

Me ya sa ba a nuna kisa a kan dandali?

Al'adarsu ce. Kusan kullum ɗan aike ke shigowa ya ba da labari, sannan a fito da gawa. Kada ku tsallake jawabin ɗan aiken, nan marubucin ya fi zuba gwanintarsa.

Muna so mu yi wasan *Antigoni* a makarantarmu. Wa za mu nuna yana da gaskiya, kuma yaya za mu yi da sauran abubuwan da ke ciki?

Wannan ce tambayar kirki, kuma amsarta ba ɗaya ba ce.

Ga labarin ga wanda bai karanta ba. 'Ya'yan Idifus maza biyu sun kashe juna a kan sarautar Tibis. Etiyokilis ya kare gari, Folinaisis kuwa shi ya kawo rundunar waje. Kawunsu Kiriyon ya hau mulki, ya ce a binne na farko da girma, a bar na biyu ga karnuka da tsuntsaye, wanda ya binne shi kisa. 'Yar'uwarsu Antigoni ta je ta barbaɗa wa gawar ƙasa. Aka kama ta, ba ta musa ba, ta ce dokar sarki ba ta kai ta shafe dokar da ba a rubuta ba. Aka rufe ta a kogo, ta rataye kanta. Haimon, ɗan Kiriyon da aka yi musu baiko, ya kashe kansa a gefenta, uwarsa ta ji labari ita ma ta bi shi.

Shawarata ta farko, in za ku ji, kada ku mayar da Kiriyon azzalumin sarkin tatsuniya mai zare ido tun daga fitowarsa. Da kun yi haka wasan ya mutu a minti biyar. Mutumin nan ya karɓi gari washegarin yaƙin basasa. Jawabinsa na farko, cewa ba a sanin halin mutum sai ya riƙe mulki, kuma wanda ya fifita nasa a kan ƙasarsa ba komai ba ne, jawabi ne da 'yan kallo na lokacin za su gyaɗa wa kai. Kusan shekara ɗari bayan an fara yin wasan, Demostenis, fitaccen mai jawabi na Atina, ya karanto shi a gaban kotu a matsayin misalin kishin ƙasa. A dokar Atina ma ba a binne maci amanar ƙasa a cikin ƙasarsu. Nelson Mandela da kansa Kiriyon ya fito lokacin da fursunoni suka yi wasan a tsibirin Robben. Ku ba wa ɗan wasanku mafi natsuwa wannan matsayi, ku bari ya lalace a hankali: ya fara zargin kowa da karɓar cin hanci, ya koma cewa mace ba za ta fi shi ba yana raye, ya kai ga tambayar ɗansa ko gari ba na mai mulkinsa ba ne.

Amma kuma, kada ku ce na ce su biyun daidai suke. Hegel, masanin falsafar Jamus, ya ga karo ne tsakanin gaskiya biyu, haƙƙin gida da haƙƙin gari, kuma da yawa sun bi shi. Ni ina tare da shi rabin hanya. Hana binnewa a cikin gari daban, tsare gawa a rana ta ruɓe daban, kuma a ƙarshe Tiresiyas ya fito fili ya ce Kiriyon ya yi ɓarna: ya rufe mai rai a ƙasa, ya bar matacce a sama. Wasan ya fi karkata ga Antigoni. Sai dai karkatar ba ta mayar da ita mai daɗin zama ba. Dubi yadda take yi wa 'yar'uwarta Ismini magana, har lokacin da Ismini ta zo ta ce a kashe su tare. Akwai kuma wurin da ta ce da miji ne ko ɗa da ba ta saɓa dokar ba, don ana sake samunsu, ɗan'uwa kuwa ba ta da inda za ta samo tunda iyayensu sun mutu. Masu shirya wasa kan yanke wannan wuri don yana ɓata musu hoton jaruma. Ni da ni ne da na bar shi, ko da yake in wasan na 'yan ƙaramar sakandare ne ba zan yi faɗa da wanda ya cire ba.

Batun alloli kuwa ya danganta da masu kallonku da shugaban makarantarku, kun fi ni saninsu. Kuna iya barin wasan a Girka yadda yake, wani ya fito kafin a fara ya bayyana cewa labarin mutanen wata ƙasa ne da imaninsu. Wannan ya fi sauƙi, ya fi kuma aminci ga rubutun. Kuna iya kuma ɗauke shi ku kai wani wuri, kamar yadda marubucin Nijeriya Femi Osofisan ya kai shi ƙasar Yarbawa zamanin Turawan mulki a *Tegonni*. Amma wannan rubuta sabon wasa ne, ba sauya sunaye ba, kuma in kun kawo shi kusa da gida sosai kowa zai fara neman wa kuke nufi da Kiriyon. Ku yi tunani kafin ku jawo wa malaminku kira zuwa ofis. Abin da zai taimake ku ko ta wace hanya shi ne masu kallonmu ba sa buƙatar a yi musu bayanin nauyin barin mamaci ba sutura. Mutum ukun da suka kashe kansu a ciki duk labarinsu ake bayarwa, ku bar su a bakin ɗan aike, kada wani darakta mai zumuɗi ya kawo igiya dandali.

Abu ɗaya kada ku taɓa shi. Da Kiriyon ya sauko, dattawa suka ce ya je ya saki yarinyar, ya kuma binne gawar. Shi kuwa ya fara da gawar, ya tsaya aka yi mata wanka aka ƙona aka tara mata ƙasa, sannan ya nufi kogo. Ku tabbata mai kallo ya ji wannan jerin.

Ba laifi ba ne Musulmi ya karanta labarin allolin Girka?

Fatawa ba aikina ba ce, ki tambayi malaminki. Abin da zan ce don hankalinki ya kwanta, 'yata, shi ne littafin Aristotil a kan waƙa da wasan kwaikwayo an fassara shi zuwa Larabci a Bagadaza tun ƙarni na 10, kuma Ibn Sina da Ibn Rushd duk sun yi masa sharhi. Ba wanda ya ce ki yarda da Zus, babban allansu, a ce dai kin san abin da Antigoni ke tsoro.

Atina ba ta da sarki a lokacin. Me ya sa wasannin cike suke da sarakuna?

Madalla, akwai mai karatu a cikinku. Sarakunan na tsofaffin labarai ne, kuma nisan nan kariya ce. Wani marubuci, Firinikus, ya taɓa yin wasa a kan faɗuwar birnin Miletus da ba a daɗe da yi ba, 'yan kallo suka fashe da kuka, aka ci shi tarar dirakma 1,000 aka hana sake wasan. Ta bakin sarkin dā ake gaya wa jama'a mai mulkin kanta abin da ba ta son ji. A 416 kafin Miladiyya Atina ta ci tsibirin Melos, ta kashe mazan ta sayar da mata da yara. A 415 Yurifidis ya kawo *Matan Taroi*, wasan da kusan ba komai a cikinsa sai matan garin da aka ci suna jiran a raba su ga masu nasara, da yaro ƙarami da aka jefo daga kan ganuwa.

Me ya sa ba a hukunta Mediya ba bayan ta kashe 'ya'yanta?

Saboda Yurifidis bai ga dama ba. Ta tashi a keken kakanta, allan rana, da gawarwakin yaran, mijinta Jason na ƙasa yana roƙon a bar shi ya taɓa su. Ranka ya ɓaci? Daidai ne. A gasar 431 kafin Miladiyya ma Yurifidis na uku ya zo, wato na ƙarshe.

In na karanta na Ola Rotimi, ya isa in bar na Sofokilis?

Bai isa ba. *The Gods Are Not to Blame* wasa ne mai kyau, amma jaruminsa Odewale ba Idifus ba ne. Rotimi ya rubuta shi lokacin yaƙin basasar Nijeriya, ya kuma jingina kisan uban da gorin ƙabila, abin da babu shi a na Girka. Karanta duka biyun. Na Sofokilis ɗin baiti dubu ɗaya da ɗari biyar ne da 'yan kai, tsakanin la'asar da isha'i ka gama shi.