Egzima da maganinsa daga tsirrai

Egzima ciwon fata ne da ke sa fata ta bushe, ta yi ta ƙaiƙayi, ta tsattsage, wani lokacin har ta riƙa tsatso ruwa. Yawanci da ƙuruciya yake farawa, jarirai a kumatu, in yaro ya tasa kuma sai ya koma lanƙwasar hannu da bayan gwiwa da wuya. Ba a ɗaukarsa daga wani, ya fi bin jini, shi ya sa gidan da ake da asma ba a cika rasa mai shi ba. A baƙar fata wurin ba ja yake yi ba, duhu yake yi ko ya yi fari-fari kamar an shafa toka, kuma da hunturu ya kama abin sai ya tashi.

A Najeriya akwai ruɗanin suna, don mutane da yawa in sun ce egzima kyasbi suke nufi, alhali kyasbi naman gwari ne ke kawo shi, wato wata irin ƙwayar cuta mai yaɗuwa a saman fata, maganinsu ma ba ɗaya ba ne. Shi egzima na gaske matsalarsa fatar ce ba ta riƙe danshi, don haka duk wani mai na tsiro da ake shafawa babban aikinsa toshe hanyar da ruwa ke fita ne.

Man kaɗanya shi ne na kusa da mu, mata ke tsinto 'ya'yan da damina, su dafa, su shanya, su soya, su niƙa, sannan su yi ta buga shi da ruwa har man ya taso. Ana murza shi a tafin hannu ya narke a shafa da zarar an fito wanka tun jiki da sauran lema, in aka bari jiki ya bushe ƙayau amfanin kan ragu. Man kwakwa kuwa an gwada shi a Filifin, binciken da aka fitar a 2014 kan yara 117 na tsawon mako 8 ya nuna ya fi man ma'adinai, wato man shafawa da ake tacewa daga ɗanyen man fetur, rage ciwon. Garin ots, wani hatsi dangin alkama, da aka niƙa luƙui shi ma hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta amince da shi a 2003 a matsayin mai kare fata.

Abin da zai ba wasu mamaki shi ne man zaitun, duk da irin martabar da muke ba shi, wani ƙaramin bincike a Shafil ta Ingila a 2013 ya gano yana raunana saman fata, man furen rana ne bai yi hakan ba. Alobera, darbejiya da man habbatus sauda ana amfani da su sosai amma hujjarsu ba ta yi ƙarfi ba tukun, wasu ma ƙaiƙayin suke ƙara musu, don haka a fara gwadawa a ɗan wuri a cikin dantse a jira kwana biyu. Tafarnuwa da lemon tsami kam ƙona fata suke yi.

Sai kuma mayukan da ake cewa zallan ganye ne. A 1999 likitoci a Landan sun auna irin waɗannan mayukan na gargajiyar Sin guda 11 da ake shafa wa masu ciwon fata, suka tarar 8 daga ciki akwai sitiroyid, wani maganin asibiti mai ƙarfi na rage kumburi, da ba a rubuta a jikin kwalba ba. In wurin ya fara yin mugunya ko ɓawo mai ruwan zuma, ko zazzaɓi ya shigo, to ƙwayoyin cuta sun shiga, wannan na asibiti ne.